Hoton Shimfiɗar Ƙasa da Babban Fim a Gaɓar Tafkin Kainji: Darasi Daga Warra a Kan Ɗauka da Wanki da Tarke

Tsakure

An saba ɗaukar hoto a fagen nazarin Hausa a matsayin ɗan rakiya, a liƙa shi a ratayen kundi domin ya shaida cewa mai bincike ya je fage. Wannan maƙala ta dubi hoton shimfiɗar ƙasa a matsayin matani mai cin gashin kansa, wanda ake tsarawa, ake kuma iya yi wa tarke. An ɗauki Warra, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski a Masarautar Yawuri, a matsayin fagen misali, aka bi aikin kyamarar babban fim tun daga girka ta har zuwa wanke fim da karanta hoton. Maƙalar ta nuna cewa a gaɓar da ruwanta ke hawa da sauka, wadda kuma tsofaffin garuruwa ke kwance a ƙarƙashinta, duk wata shawarar fasaha da mai hoto ya yanke tana ɗauke da hukunci a kan wanda za a gani da wanda zai ɓace.

1.0 Gabatarwa

Kafin 1968 babu tafki a Warra. Abin da ke akwai shi ne Kogin Kwara da gungunan da ke tsakiyarsa da fadamun da ke gefensa. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka tare ruwa a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Ruwan da ya taru ya kai tsawon kimanin kilomita 135, kuma ya tayar da mutane kimanin 44,000 daga matsugunansu. Tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ta nutse, haka ma mafi yawan tsibirin Foge. Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Bareshe, sun bar gungunan da suka samo sunansu na Hausa daga gare su, suka koma gidajen siminti da aka gina musu a tudu. Farfesa Mahdi Adamu, wanda shi kansa ɗan Ngaski ne, ya yi nazarin tarihin mulkin Yawuri, Frank Salamone kuma ya bi yadda Gungawa ke rikiɗewa su zama Hausawa. Kamannin ƙasar kanta, wato inda gona ta tsaya da inda ruwa ya fara, shi ne ɓangaren da rubutu ba ya iya riƙewa sosai.

Tafkin ma ba ya zama da fuska ɗaya. Ambaliya biyu ke ciyar da shi. Farin ruwa yana zuwa ne da damina daga ruwan saman da aka yi a nan kusa, ɗauke da laka. Baƙin ruwa kuwa daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya ratsa fadamun Mali inda yake sauke lakarsa, sai ya iso nan cikin hunturu a tace. Tsakanin cikar tafkin a rani da ƙafewarsa a farkon damina akwai bambancin da ya kai kimanin mita 10 a tsaye, wanda a gaɓa mai shimfiɗa yake nufin fili mai faɗin gaske. A wannan fili ake shuka, ake kiwo, ake girke jirage. Saboda haka mutum biyu za su iya tsayawa a wuri guda cikin shekara guda, su dawo da hotuna biyu da ba wanda zai ce na gari ɗaya ne.

2.0 Kyamarar da Fim Ɗinta

Abin da ake nufi da babban fim shi ne fim ɗin da ke zuwa falle-falle, kowane falle hoto ɗaya. Wanda aka fi amfani da shi shi ne mai inci 4 da 5, sai mai inci 5 da 7, sai mai inci 8 da 10. Fallen inci 4 da 5 ya ninka fim ɗin ƙaramar kyamara mai milimita 35 kusan sau 13 a faɗi, kuma daga nan ne ƙarfinsa na tattara ƙananan abubuwa ya samo asali: ana iya ƙirga kunyoyin albasa a gonar da ke can nesa.

Ginin kyamarar ba shi da wuyar fahimta. Allo biyu ne, na gaba yana riƙe da idon kyamara, na baya yana riƙe da gilashi mai dishi-dishi wanda siffa ke sauka a kansa, sai zuga-zugi irin na maƙera da ya haɗa su. Ana ɗora ta a kan mazauni mai ƙafa uku. Mai hoto yana lulluɓe kansa da baƙin mayafi ya dubi gilashin, inda zai ga duniya a kife, sama a ƙasa, ƙasa a sama. Idan ya gamsu da saiti, sai ya rufe idon, ya zura kuben fim a gaban gilashin, ya zare marfin kuben, ya danna, ya mayar da marfi. Kube ɗaya falle biyu yake ɗauka. Wanda ya fita da kube shida, hoto 12 ke nan gare shi a yinin. Dattawan da suka ga zamanin masu hoton fasfo na bakin kasuwa, masu akwatin katako da hannun riga baƙi, ba za su ga baƙon abu a nan ba, domin dangi ɗaya ne. Da irin wannan kyamara, a kan faranti na gilashi, Jonathan Adagogo Green na Bonny ya ɗauki hotunan yankin Neja Delta a ƙarshen ƙarni na 19, ana kuma nazarinsu har yau.

Mai karatu na iya tambaya, mene ne amfanin wannan wahala ga wanda ke da waya a aljihu, ga kuma hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat da ake tarawa tun 1972? Tambayar tana kan hanya, kuma ga yawancin aikin fage wayar ta wadatar. Fim daga waje ake sayo shi da tsada, na'urorin binciken kaya na wasu filayen jirgin sama kuma suna iya lalata shi. Abin da babban fim ya fi su da shi uku ne: nagatif da ake iya riƙewa a hannu, wanda ba ya buƙatar wata manhaja kafin a duba shi bayan shekara hamsin, ikon sarrafa siffa ta hanyar motsa allunan, da kuma jinkiri. Wanda ya kwashe rabin sa'a yana girka kyamara a mashaya ba zai rasa masu tsayawa su tambaye shi ba, kuma daga bakinsu zai ji sunan gungun da ke ƙarƙashin ruwan da ya sa a gaba.

3.0 Ɗauka a Gaɓar Warra

Warra tana gaɓar gabas, saboda haka mai kallon tafki yamma yake fuskanta. Da safe rana tana bayansa tana haska gaɓa da jirage da fuskokin mutane. Da yamma tana gabansa, ruwa ya koma madubi, komai na kusa ya zama inuwa baƙa. Ga shi kuma yankin yana kusa da tsakiyar duniya, rana ba ta ɓata lokaci wajen hawa ko faɗuwa, don haka sassanyan hasken asuba ɗan taƙi ne. Ya kamata a ga wuri tun jiya, a nemi izinin mai unguwa da Sarkin Ruwa, a girka kafin gari ya waye sosai. A kuma tuna cewa mashaya wurin wanka da wankin mata ne, ba kowace kusurwa ake juya wa ido ba.

Motsin allo na farko da ɗalibi zai koya shi ne ɗaga allon gaba. Idan aka ɗaga kan kyamara gaba ɗaya domin a kamo kan giginya ko hasumiyar masallaci, sai su fito kamar za su faɗi baya. Maganinsa a bar allon baya a tsaye cak, a zame na gaba sama. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a nan, shi ne sunkuyar da allon gaba. Ƙa'idar tana ɗauke da sunan Theodor Scheimpflug, hafsan sojan Ostiriya da ya yi mata rajista a 1904. Taƙaicenta shi ne, idan shimfiɗar fim da shimfiɗar idon kyamara da shimfiɗar abin da ake ɗauka suka haɗu a kan layi ɗaya, to duk abin da ke kwance a kan shimfiɗa ta ukun zai fito tar. A aikace, ɗan sunkuyo kaɗan zai sa komai ya fito sarai tun daga ganyen albasar da ke gaban ƙafar mai hoto har zuwa bakin ruwa mai nisa.

Sai dai akwai abin da ake biya. Yankin da ke fitowa sarai siriri ne a kusa da kyamara, yana buɗewa ne a nesa. Duk abin da ke tsaye a kusa, kamar manomi ko kututturen itacen da ruwa ya kashe, ƙafarsa za ta fito, kansa ya yi dishi-dishi. A nan ne mai hoto zai zaɓa: ƙasar yake so ko mai ƙasar? Ana rage matsalar da tsuke ƙofar haske zuwa f/32 ko f/45, amma tsukewar tana jawo wata. Fim mai ƙarfin 125, kamar Ilford FP4 Plus, a cikin rana tsaka yana buƙatar kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa a f/16. A f/32 sai ya koma kashi ɗaya cikin 30. In an ƙara gilashin tace haske mai ruwan lemo domin gajimare ya fito, sai a doshi kashi ɗaya cikin 8. Da asuba kuwa ana iya kaiwa daƙiƙa biyu ko huɗu, kuma daga daƙiƙa ɗaya zuwa sama fim yakan yi kasala, sai an ƙara masa lokaci bisa jadawalin kamfaninsa. A cikin daƙiƙa huɗu masunci mai tuƙi ya zama hayaƙi, yaran da ke gudu sun ɓace ƙurmus. Wannan tsohon al'amari ne. A hoton da Louis Daguerre ya ɗauka na wani titin Faris a 1838, keken doki da masu tafiya duk sun ɓace saboda tsawon lokacin ɗauka, aka bar mutumin da ya tsaya ana goge masa takalmi. Titin cike yake, hoton ya nuna shi fayau. Haka gaɓar Warra za ta iya fitowa kamar ba kowa, alhali ranar kasuwa ce.

Game da awon haske, tsarin da Ansel Adams da Fred Archer suka shimfiɗa wajajen 1940 shi ne har yanzu ake koyarwa. Sun kasa haske mataki-mataki daga sifili, wato baƙi ƙirin, zuwa 10, wato fari fat, kowane mataki ninkin na bayansa. Ma'aunin haske ba ya sanin abin da aka nuna masa, duk abin da ya gani yana ƙoƙarin mayar da shi toka-toka na mataki na 5. Saboda haka mai hoto zai auna wuri mafi duhu da yake son a ga zanensa, misali cikin jirgin katako, sannan ya rage haske da mataki biyu domin ya zauna a mataki na 3. Daga nan sai ya auna wuri mafi haske, wato fuskar ruwa. Idan ta faɗa a mataki na 8, lafiya lau. Idan ta haura zuwa 9 ko 10, sai ya rubuta a jikin kuben cewa a rage lokacin wanki. Inuwa a wurin ɗauka ake kula da ita, haske kuma a wurin wanki.

Hunturu yana juya lissafin. Hazo yakan matse duniya cikin mataki uku ko huɗu, gaɓar yamma ta ɓace, ruwa da sama su zama abu ɗaya. Littattafan Turai suna ba da shawarar jan gilashi don huda hazo, amma shawarar an gina ta ne a kan shuɗin hazon tsaunuka. Ƙurar hunturu ƙwayoyinta manya ne, suna watsa kowane launi kusan daidai, don haka jan gilashi ba ya yi mata wani abin kirki. Abin yi shi ne a ƙara lokacin wanki domin a buɗe tazarar matakan, ko kuma, wanda a ganina ya fi, a bar hazon ya fito a matsayinsa na hazo. Wata uku na shekarar mutanen nan a cikinsa suke tuƙi. A kuma zare marfin kube a hankali, domin busasshiyar iska tana haifar da tartsatsin da ke barin zane kamar reshe a jikin fim.

4.0 Wanki

Jadawalin kamfanoni an gina shi ne a kan ruwa mai zafin digiri 20. A ƙasar Yawuri, cikin Maris da Afrilu, zafin rana yana haura digiri 40, ruwan tanki kuma ya yi ɗumi kamar na wanka. Ruwan ɗumi yana gaggauta sinadarin fito da hoto, irin su Kodak D-76 ko Ilford ID-11, har lokacin ya gaza minti biyar, kuma a ƙasa da haka wanki ba ya fita bai ɗaya, sai a ga dabbare-dabbare a sararin sama. Yana kuma kumbura fatar fim ta yi laushi, farce kaɗan ya yage ta. Masu hoton da suka yi aiki a ƙasashe masu zafi a da sukan zuba gishirin sodiyom salfet a ruwan wanki don hana kumburin, su kuma taurara fatar da wani nau'in alif.

Hanya mafi sauƙi a nan ita ce randa. Ruwan da ya kwana a randa cikin hunturu yakan sauko kusa da abin da ake buƙata, a sauran watanni kuma a taimaka masa da ƙanƙara. A yi aikin kafin asuba. A tsarma sinadarin da ruwa domin lokaci ya tsawaita. Abin da ya fi lambar digirin kanta muhimmanci shi ne ruwan duka tasoshin, na fito da hoto da na tsayarwa da na tabbatarwa da na ɗauraya, su kasance kusa da juna. Fim ɗin da aka ciro daga sanyi aka jefa cikin ɗumi, ko akasin haka, fatarsa takan yi tsattsage irin na busasshiyar fadama. Duk wannan cikin duhu ƙirin ake yin sa, domin fim na zamani yana ganin jan fitila. Sashen da ke son koyar da ɗalibai da araha zai iya sa takardar buga hoto a cikin kube a madadin fim. Ƙarfinta kaɗan ne ƙwarai, amma ana wanke ta a ƙarƙashin jan fitila, ɗalibi yana kallon siffa tana fitowa.

Ruwan tafki, musamman lokacin farin ruwa, ba ya ɗauraya sai an bar shi ya kwanta an tace, kuma ɗauraya ta ƙarshe da tataccen ruwa za a yi ta. Ruwan tabbatarwa da ya gama aiki yana ɗauke da azurfa, wadda guba ce ga halittun ruwa, saboda haka ba a zubar da shi inda zai gangara tafki. Wajen shanya, a yayyafa wa daɓen ɗaki ruwa, a rataye fallayen cikin kabad a rufe. Ƙurar da ta manne wa jiƙaƙƙen fim ta zauna ke nan.

5.0 Tarke

Tarken hoto yakan fara da tambayoyin sana'a: akwai zane a cikin inuwa? Farin ruwan ya ƙone ko yana da rai? Layin da ruwa ya haɗu da sama a miƙe yake? Waɗannan wajibi ne, amma matsayinsu kamar na duba ƙafiya da kari ne a waƙa. Waƙa tana iya cika ma'auni ta kasa cewa komai.

A ƙaddara hotuna biyu a gaban aji. Na farko faɗuwar rana ne a kan tafki, jirgi ɗaya da mutum ɗaya sun zama inuwa, matakan haske sun jeru ba tangarɗa. Na biyu an ɗauke shi da hantsi daga tudu lokacin da ruwa ya ja baya: a gaba rufin gidan da hukuma ta gina da ɗakin ƙasa da iyalin suka ƙara a jikinsa, a tsakiya gonaki da shanu cikin ciyawar burugu, can kuma kututturan itatuwa sun leƙo daga ruwa. Yawancin ɗalibai na farkon za su zaɓa. Aikin malami shi ne ya tambaye su, me ke cikinsa da ya nuna Warra ce? Ana iya ɗaukar irinsa a Tiga ko a Goronyo. Mutumin da ke ciki ba shi da fuska, ba a san ko Basarke ne ko Bagunge ko Bakambare ba, ado ne kawai aka yi da shi. Na biyun kuwa ya tara 1968 da bana a falle ɗaya, kuma duk wanda ya san wurin zai iya sa yatsa ya ce ga kaza.

Wannan muhawara ta taɓa tashi a Amurka. Ƙungiyar f/64, wadda Adams da Edward Weston da Imogen Cunningham da wasu suka kafa a 1932, ta ɗaukaka hoto mai fitowa tar, kuma hotunan Adams na tsaunuka sun koya wa duniya son dajin da babu mutum a ciki. A 1975 aka yi wani baje koli a Rochester mai suna New Topographics, inda su Robert Adams da Lewis Baltz da Bernd da Hilla Becher suka juya kyamara ga ƙasar da ɗan'adam ya taɓa: unguwanni, ma'aikatu, tankunan ruwa. Ga mai aiki a Kainji, ɓangare na biyu ne ya fi kusa da gaskiyar wurin, domin tafkin kansa ginin mutum ne. Wanda ya nuna shi a matsayin halitta tsantsa da ba a taɓa ba, ya shafe Busa da Foge karo na biyu. Kuma ruwan da baƙo ke gani lumus, mutanen gari sun san shi da wata fuska. A watan Mayun 2021 jirgi ya kife kusa da Warra, rayuka masu yawa suka salwanta. Ba a ce kowane hoto sai ya yi makoki ba, amma mai tarke yana da haƙƙin tambaya ko mai hoton ya san ruwan da ya ɗauka.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan fage sai an yi wa maganar kwaskwarima, domin hoton da ba a ji komai game da shi ba shaidarsa rabi ce. Bayanin da ke ƙarƙashin hoto ɓangare ne na matanin, kuma a kansa ma ake tarke. Ya ƙunshi rana da wata da sa'a, da inda aka fuskanta, da matsayin ruwa, da sunan wurin kamar yadda mazauna ke faɗa. Idan wurin yana da suna da Hausa da wani da Tsureshe ko Kambarci, a rubuta duka, a kuma nuna wanda ya faɗa da yardarsa. Kalmomi irin su gungu da fadama da jigawa da mashaya suna da ma'ana a ƙamus, amma iyakar kowace a ƙasa sai an nuna da hannu, kuma hoto mai cikakken bayani zai yi wa mai nazarin ma'ana aikin da jumlar misali ba za ta yi ba.

5.1 Maimaita Ɗauka

Hanyar da ta fi dacewa da gaɓa mai motsi ita ce komawa wuri ɗaya. Tsakanin 1977 da 1979 Mark Klett da abokan aikinsa sun bi sawun masu hoton ƙarni na 19 a yammacin Amurka, irin su Timothy O'Sullivan, suka nemo ainihin inda kowannensu ya kafa kyamara, suka sake ɗauka. Su sai da suka yi farautar wurin bayan shekara ɗari. Mai farawa yau a Warra zai iya sauƙaƙa wa na bayansa. Ya zaɓi abin da ba ya gusawa a saman iyakar cikar ruwa, kamar dutse ko kusurwar ginin siminti, ya auna tazarar kyamara daga gare shi da tsayin idonta daga ƙasa, ya rubuta tsawon idon da ya yi amfani da shi, milimita 150 ne ko 90, da yawan ɗagawa ko sunkuyon da ya yi. Ya ɗauki falle biyu a kowace ziyara, ɗaya cikin Fabrairu lokacin da tafki ke cike, ya dawo cikin Yuli lokacin da ya ja baya. Falle ɗaya ya zauna a sashensa cikin ambulan marar asid, nesa da laima da gara. Ɗayan, tare da kwafin littafin fage, a miƙa shi ga ma'adana irin Gidan Arewa da ke Kaduna ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato. Hoton da aka buga kuma a mayar da kwafinsa fadar hakimi da gidan wanda aka ɗauki gonarsa.